Sake gini bayan ambaliya: ina ya kamata a sa ɗan simintin da aka samu?

Sakataren ƙungiyar unguwa, Auyo: Assalamu alaikum. Tun ambaliyar 2022 da ta shafe ƙauyukan Auyo, Kafin Hausa, Miga da Ringim, matsalar ɗaya ce: a ba magidanci buhun siminti biyar ko goma da bandir ɗin kwano, ya tada ɗaki, damina biyu ya sake zubewa. Masu sana'a, a ina ake kuskure?

Tsohon magini: Wa alaikumus salam. Ɗana, ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. Ruwa ya kwana uku a gindin katanga, tubalin ƙasan ya jiƙe ya koma taɓo, nauyin sama ya danne shi, sai ka ji rim. Don haka simintin duk a zuba shi a ƙasa. A haƙa harsashi ƙafa biyu, ko har a tarar da ƙasa mai tauri. A zuba kankare: buhu ɗaya, kwanon gini shida na yashi, goma sha biyu na tsakuwa. A ɗora bulo inci tara, a cike ramukansa, a hau da shi har ya wuce shatin da ruwan bara ya bari a jikin bishiya ko masallaci da ƙafa ɗaya. Daga nan a shimfiɗa leda mai kauri a kan layin ƙarshe, a ci gaba da tubali. Cikin ɗakin ma a cike shi da burji a daɓe, in ba haka ba an gina randa ne kawai.

Birkila, Haɗeja: Baba ya faɗi gaskiya, amma bulon ne abin tsoro. Buhu ɗaya bai kamata ya fitar da inci tara sama da 30 ba. Wasu na buga 50, ka murza da yatsa ya zube. Ka ɗaga shi daidai ƙirji ka saki. In ya tarwatse, kar ka sa shi a gindi. Kuma a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai. Wanda aka buga jiya aka gina yau, asara ce.

Mai injin matse tubali: Ga wanda ke son tubalin jar ƙasa mai siminti: a fara gwada ƙasar. A sa ta rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, laka a sama. In laka ta kai rabi, a ƙara yashi, don tsagewa zai yi. Kwano ɗaya na siminti ga kwano 15 na ƙasa tankaɗaɗɗiya, ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula ba zai ɓata maka tafi ba. A rufe da leda a inuwa, sai kwana 28 a yi gini. Baƙar ƙasar fadama ba ta yi sam, kumbura take da damina ta dare da rani.

Tsohon magini: Na manta abu guda, kuma yana ci mini rai. Ku daina shafa filastar siminti kai tsaye a kan ginin ƙasa. Ba sa riƙe juna. Ta tsage, ruwa ya shige ta baya, katanga na ruɓewa a ɓoye mai gida na ganin fes. Yaɓe da ramno ko makuba, ana sabuntawa kafin ruwan farko, ya fi. Kwanon rufi kuma a sake masa baki ƙafa biyu, a ɗaure katakon da waya a cikin gini saboda iskar farkon damina. Mai soro ya tsawaita indararo.

Ma'aikaciyar lafiya: Baba, a ƙara da masai. Shi yake fara cika ya malala cikin rijiya, sati ɗaya sai amai da gudawa. A ɗaga bakinsa da bulo kamar na ɗaki, a nisanta shi da rijiya mita 30. Rijiyar da ruwa ya shiga a kwashe ta tas, a yashe, a sa kulorin, a yi mata dakali da murfi. Kafin nan, ruwan sha a tafasa.

Manomi, Guri: Duk wannan daidai ne, amma a nan ciyawar kachala ta toshe hanyoyin kogi, ruwa ya rasa mafita sai gari. In ba a yi gayyar share ta da rani ba, kuma ba a gyara jinga kafin watan Yuli ba, harsashin ƙafa biyu ba zai ceci kowa ba. A daina haƙar ƙasar gini a gindin jinga ko a bayan gidaje, kududdufin ne ke dawo da ruwan. Rumbu ma a ɗora shi kan duwatsu masu tsayi, rashin hatsi ne ke sa mutum ya sayar da kwanon tallafi.

Sakataren ƙungiyar unguwa, Auyo: Na gode. Abin da zan kai wa mai unguwa: a rubuta sunaye gida-gida a karanta a bainar jama'a, a fara da zawarawa da tsofaffi, siminti kuma kar a raba shi hannu-hannu, a ajiye a wuri ɗaya kan katako, a riƙa fitarwa ranar zuba harsashin kowane gida. Baba, ɗaki ƙafa 12 da 12 buhu nawa zai ci zuwa layin leda?