An bar min tsaka, in riƙe ko in mayar?

Baban Walid: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Leicester. Ɗan Indiyan da muke haya gida ɗaya ya gama karatu ya koma ƙasarsu, ya bar min tsakarsa, irin mai ɗigo-ɗigon damisa da ake kiwo a akwatin gilashi. Watanta huɗu. Walid har ya raɗa mata suna Zabuwa, da na ce za a mayar sai kuka. Tunda na dawo da akwatin falo, yau kwana biyar ba ta ci komai ba. Yashi ne shimfiɗe a ciki. In riƙe ko in kai shagon dabbobi? In riƙewar ce, me zan fara gyarawa?

Ɗan Kurmi: Ikon Allah! Mu nan silifas muke bin su da shi, ku can har ɗaki da suna. Turo kuɗin jirgi in kawo maka buhu guda daga silin ɗinmu.

Ummu Hanan: Ɗan'uwa mayar da ita tun kafin yaron ya ƙara shaƙuwa. Ni na ga abin da na gani. Fam 40 na saya wa Hanan tata a wani shago nan Manchester, mai shagon ya ce tsutsa kawai zan riƙa ba ta. Ko sau ɗaya bai ambaci garin kalsiyam da ake barbaɗa wa ƙwarin ba. Bayan 'yan watanni sai ƙafafun gaba suka lanƙwashe, tana jan ciki, muƙamuƙin ya yi laushi har ta kasa kama tsutsar. Likitan dabbobin unguwarmu ya ce shi karnuka da kuliyoyi ya sani, sai da muka hau jirgin ƙasa zuwa wajen wani. Ya ce ciwon ƙashi ne na rashin kalsiyam da bitamin D3. Fam 180 ya tafi, sati uku ina ɗura mata abinci da sirinji, ta mutu a hannun yarinyar. Har yau Hanan ba ta yarda mu bi ta ƙofar shagon nan.

Injiniya: Allah ya ba da haƙuri Hajiya, amma an cuce ki, fam 25 ake samunta wajen masu kiwo. Baban Walid, kwashe yashin nan yau, ƙanana kan haɗiye shi ya toshe musu hanji. Shimfiɗa takardar goge hannu. Gefe ɗaya ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗayan kamar 24, kuma lallai na'urar ɗumamawar ta kasance da abin daidaita zafi. A sa mata maɓoya mai danshi saboda saɓa. Ƙin cin abinci bayan canjin wuri ba abin tsoro ba ne, duba wutsiyar, can take ajiye kitse. In tana da kauri da sauran lokaci. Kada Walid ya kama ta nan, yar da ita take yi.

Mai Shayi: Fam 25 a ina? Ni 70 na gani da idona. Kuma Injiniya, tsaka nawa ka taɓa kiwo?

Injiniya: Kunkuru nake kiwo, amma na yi karatu a kai sosai.

Ummu Hanan: Ka ji fa. Gani ya kori ji.

Injiniya: To Hajiya, da kin karanta ɗin ai da kin san zancen kalsiyam.

Mai Shayi: Haba Injiniya, wannan ba magana ba ce.

Almajirin Zaure: Duk kun bar babban zance. Hadisi ya inganta a Muslim kan ladan kashe tsaka. Ya za a yi Musulmi ya ciyar da ita?

Injiniya: Malam, wannan ba ta bango ba ce. Daga duwatsun Pakistan da Afganistan take, tana da fatar ido, ko gilashi ba ta iya hawa.

Almajirin Zaure: Ba kai za ka raba ba. Ya tambayi malamin masallacinsu.

Ɗan Kurmi: Kadangaren bakin tulu kenan. A mayar Walid ya yi kuka, a bari Malam ya yi fushi.

Goggon Yara: Ɗana, wai mai gidan hayar ya sani? Abin nan shekara 15 zuwa 20 take rayuwa. Mu saboda aku ɗaya mai gidan hayarmu ya riƙe rabin kuɗin ajiya, wai warin ɗaki.

Mai Shayi: Goggo ke ma kina da aku. Ni ko ƙuda ban kiwata ba, mai gidan hayata ya ce min na ɓata kafet, kafet ɗin da ya girme ni. Wata huɗu ina bin kuɗina.

Ummu Hanan: Ku dai ku ɗauki hoton ko'ina ranar da kuka tare. Namu har labule ya lissafa.

Baban Walid: Na gode, na kwashe yashin. Gyare nawa ake ba ta a rana? Na sayo kwali guda, uku sun tsere a kicin, Maman Walid ba ta sani ba tukuna.

Mai Shayi: Goggo, a ƙarshe nawa ya maido muku?