Azumin Litinin da Alhamis ko tsarin rage ƙiba na kuɗi?

Maman Hanan, Fadaman Mada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kilo 97 nake, ciwon gwiwa ya mayar da sallata kan kujera, likita kuma ya ce jinina ya fara hawa. Ina da olsa. Masa nake toyawa ta sayarwa, kun san hannu da baki. Wata ta ce in biya dubu 25 ta tsara min abincin wata uku. In biya, ko in kama azumin Litinin da Alhamis?

Ɗan Jahun: Azumi kawai, Hajiya, ga lada ga lafiya. Annabi (SAW) ya ce sulusin ciki na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi.

Uwargida ta Gwallaga: Ƙanwata, kada ki ba kowa ko sisi. Bara na sayi shayin rage tumbi wurin wata, har da ayar Alƙur'ani a jikin kwalin, shi ya sa na sakankance. Kwana 12 ina gudawa. Ina murna kilo 6 sun tafi, ashe ruwan jikina ne. A banɗaki na faɗi, yara suka ɓalla ƙofa, sai da na sha ƙarin ruwa leda huɗu. Na kira ta, ta toshe lambata. Kafin babbar sallah ƙibar ta dawo har da ƙari. Na bar ta da Allah.

Amaryar Yelwa: Subhanallah, sannu Yaya. Ni acca ta taimake ni, dubu 3 na sayi mudu a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi.

Ɗan Jahun: Wace Muda Lawal? Jiya dubu 4 da ɗari biyar na saya.

Nas ce ni: Ba wanda ya lura ta ce tana da olsa? Ta fara komawa wurin likitanta. Kuma mai buɗa baki da ƙosai, kunu cike da suga da lemon kwalba ba zai rage komai ba.

Ɗan Jahun: Sista, asibiti ne zai koya mana sunna?

Nas ce ni: Malam, ko Ramadan Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, balle nafila.

Sarkin Shayi: Masar Bauchi da miyar taushe a gabanka, ai ko ma'aunin kilo sai ya yi haƙuri!

Amaryar Yelwa: Abin da ya fi ci min rai dangin miji ne. Kilo 8 na sauke da tafiyar asuba, surukata ta kira ɗanta gefe wai ko hana ni abinci yake yi.

Uwargida ta Gwallaga: Tawa cewa ta yi a kai ni gwajin jini.