Wa ya taɓa fitar da saitin kujeru ya koma zaman ƙasa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Falona ƙarami ne, irin na gidan haya, kujerun da aka yi min na aure kuwa sun cinye shi kaf, ko salla zan yi sai na ture tebur. Ina so in fitar da su in shimfiɗa kafet da tumtum. Waɗanda suka gwada, yaya kuka ji?

Antin Gwale: Wa alaikumus salam. Na yi, kuma har gobe ba na marmarin kujera. Tumtum na fata na saya a Kasuwar Kurmi, masu aikin ja da baƙi. Fatar kawai aka ba ni, ni na cika su a gida. Tsofaffin atamfofi da yankakkun ƙyallen tela na danna musu sosai, don soso lotsawa yake, wata biyu sai ki ga tumtum ya kwanta kamar waina. Sai warin jima. Sabo yana da shi, babu makawa. Ki ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada ki shanya a rana, fatar bushewa take ta tsage. Turaren wuta zai ƙarasa sauran.

Ummu Sadiƙ: Ni ba kayan ne suka ba ni wahala ba, Hajiyarmu ce. Ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi falon sama da ƙasa, ta ce in kujerun da suka yi min ba su yi ba ai da na faɗa tun ranar jere. Ƙanwata, kayan ɗaki mutuncin iyaye ne a idon dangin miji. Ki je ki sami taki Hajiyar tukuna. Ni dai sulhun da muka yi, mai zaman mutum uku ta zauna, sauran aka kai ɗakin baƙi.

Tela daga Zariya: Barin kujera ɗayan nan ma dole ne. A shagona na yi zaman ƙasa a inda masu kawo ɗinki ke jira, samari suna yabawa, har hoto suke ɗauka. Amma dattijo mai ciwon gwiwa in ya zauna sai an kama shi ya tashi. Na dawo da kujera ɗaya ta katako.

Badamagariya: Abin da ba wanda ya faɗa shi ne bango. Da kin sauko ƙasa, komai na jikin bango ya yi miki sama, talabijin ma sai wuyanki ya ƙage. Na sa an sauke tawa, na jera faya-fayai masu launi a inda kujerun suka bari fayau, aka zana min dagi ɗaya babba irin na gidajen Birni a nan Damagaram. Ɗaya ya isa. Wata maƙwabciyata ta cika bango huɗu da zane, in ka shiga idonka ba ya samun wurin hutawa. In kuma za ki rataya zanen rini irin na Ƙofar Mata, ki wanke shi tukuna, baba yana zuba, zai shafe miki farin fenti.

Maman Khalifa: Ku dai faɗa mata gaskiya. Ga hunturu tafe, kafet mai gashi ƙura yake sha, ga yara biyu da koko. Ni sai da na naɗe nawa na koma tabarma da 'yan dardumai waɗanda zan iya kakkaɓewa in wanke.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Juma'a zan je gida in fara da Umma. Anti, tumtum nawa kika sa a naki, kuma akwai matasan jingina ko bango kuke jingina da shi?