Gidanmu ginin ƙasa ne, ga damina ta nutsa: da me zan fara?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Auyo a jihar Jigawa, gidan gado ne, ginin ƙasa. A ambaliyar 2022 ruwa ya kwanta mana a tsakar gida har gwiwa, katangar gabas ta zube. Bana ma kogin Haɗeja ya fara cika. Abin hannuna bai kai na bulo da siminti ba, ga tsohuwata ba ta iya doguwar tafiya, ga yara. Ku ba ni shawara don Allah.

Malam Magini: Wa alaikumus salam. Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa. Ruwa ya jiƙa tushe, bango ya yi laushi, sai kawai ya zauna. Ɗan simintin da za ka iya saye, ka yi dakali da shi a kewaye gindin bango ta waje, ya ɗan gangara yadda ruwa ba zai tsaya ba. Kar ka ɓata kuɗi wajen shafe bangon duka da siminti. Ba ya kama ƙasa sosai, ɓamɓarewa yake, danshi kuma ya maƙale a bayansa. Duba indararo, in gajere ne a gindin ɗaki yake zubarwa, ka ƙara masa tsawo. Ka yashe rariya. Buhunan yashi kuwa kar a cika su maƙil, rabi da ɗan wani abu ya isa, a jera su kamar bulo, a tattake, a sa leda.

Ɗan Fadama: Malam ya faɗi gaskiya, amma wannan maganin ruwan sama ne. In madatsun ruwan Tiga da Challawa suka tumbatsa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyar kogi, buhun ƙofar gida ba abin da zai tare. Ku je wajen mai unguwa a tayar da gayya a ɗaga jinga tun yanzu. A riƙa kwanan gadi a kanta, domin ƙaramar ɓaraka da dare ita ke cinye gari. Kuma in an sanar da gargaɗin hukumar hasashen ambaliya (NIHSA) ko ta hasashen yanayi (NiMet) a rediyo, kar a ce surutun gwamnati ne.

Maman Hanifa: Yayana, ni daga Maiduguri nake. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya same mu, da kayan jikinmu muka fita. Ka samu robar fenti mai murfi, ka zuba takardun gona, katin shaida, magungunan Inna da tocila, ka rataye ta sama. Hatsi ka kai gidan wani a tudu. Bayan ruwa ya janye, kar ku sha na rijiya sai an tafasa, don masai ya riga ya haɗu da shi. Nan amai da gudawa ke shigowa. Ku kula da macizai ma. Amma Inna dai, ka fitar da ita tun hanya na biyuwa.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Matsalar ita ce Inna ta rantse ba ta barin ɗakin da mahaifinmu ya rasu a ciki.

Maman Hanifa: To kar ka ambaci ambaliya, balle ka ce gudu za a yi. Ba ta da 'ya ko ƙanwa a Gumel ko Kano? Su kira ta da kansu, su ce jikoki na kewarta, ta zo ta yi musu wata biyu.