Na buɗe salansa na cire akwatin filta, yanzu Boxer ɗina ya koma shan mai

Ɗan acaba daga Garki:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kafireta. Boxer 100 gare ni, ina ɗaukar fasinja da buhuna zuwa Gumel, ranar Alhamis kuma kasuwar Maigatari. Wata biyu ke nan na sa aka fitar da kayan cikin salansa, aka cire akwatin filta aka ɗaura ƙaramar filtar nan mai kama da kofi a bakin kafireta, saboda an ce zai ƙara gudu ya rage shan mai. Tun daga ranar in na murɗa totur sai ya yi tari, in na saki kuma ya yi ta harbi ta salansa, ga injin da zafi. Na kai gyara, mai gyaran ya zura waya ya faɗaɗa babban jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Tarin ya ragu, amma yanzu lita ɗaya da ƙyar take kai ni kilomita 35, alhali da ina samun kusan 50. Fulogi ya yi baƙi ƙirin, harbin kuma yana nan. Ta ina zan fara?

Bakanike, Ringim:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, matsala biyu gare ka a lokaci guda, shi ya sa abin ya rikice maka: a sama mai ya yi yawa, a ƙasa mai ya yi kaɗan.

Kafireta ba ta hanya ɗaya take ba inji mai ba. Daga silo zuwa kwatan totur, ƙaramin jet ne yake aiki tare da sukurun da ke gefe. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar da ke rataye a jikin totur ce take iko. Babban jet ba ya karɓar ragama sosai sai ka kusa ƙure totur. Da ka cire akwatin filta, iska ta samu hanya, jan da take yi wa mai ta bakin jet ya ragu, sai cakuɗin ya yi ƙarancin mai a ko'ina. Tarin da zafin daga nan suka zo. Wanda ya yi maka gyara babban jet kawai ya taɓa, kuma ya wuce gona da iri, ya bar ƙaramin yadda yake. Baƙin fulogi daga babban jet ne. Harbin da kake ji in ka saki totur daga ƙaramin ne, don a lokacin shi kaɗai yake ba da mai.

Wannan jet ɗin da aka zura wa waya ya gama aiki, kada ka sake sa shi. Tagulla ce mai laushi, ramin ya riga ya karkace, ba wanda zai iya gaya maka girmansa yanzu. A jet irin na kamfanin Keihin, lambar da ke jiki faɗin ramin ce: 75 tana nufin milimita 0.75. Daga 75 zuwa 80 a ido ba komai ba ne, amma bakin ramin ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari. To ka ƙiyasta abin da waya ta yi. Ka duba lambar da ke jikin tsohon, ka sayi sabo mai wannan lambar, da wasu biyu a gabansa, misali in 75 ne ka haɗa da 78 da 80. In ba a samu a kusa ba ka ba direba sautu daga Sabon Gari a Kano, ka ba shi tsohon ya tafi da shi saboda zaren ya dace.

Yadda ake bi, kuma kada ka sauya abu biyu lokaci guda. Fara da wanke kafireta, a hura kowane rami da iska, ba da waya ba. Sa jet mai lamba ɗaya sama da na asali. Hau babur na minti goma ya yi zafi. Sai ka ɗaure sukurun gefe a hankali har ya zauna, kada ka matse shi don bakinsa yana lalacewa, ka kwance zagaye ɗaya da rabi. Ka riƙa juyawa kwata-kwata kana jira daƙiƙa goma kana saurare, inda injin ya fi ɗagawa da santsi nan ne wurinsa. Sannan ka sauke silo da ɗaya sukurun zuwa wajen juyin inji 1,400 a minti ɗaya.

Lura da inda sukurun yake. In yana ɓangaren filta, na iska ne, kwancewa tana rage mai. In yana ɓangaren inji, na mai ne, kwancewa tana ƙara mai. Nan mutane da yawa suke juyawa a baibai. In na iska ne kuma injin bai yi daɗi ba sai ka kusa rufe shi gaba ɗaya, ko na mai ne ka wuce zagaye uku, ƙaramin jet ya yi kaɗan, ka ƙara lamba ɗaya.

Allura kuma tana da tsaga a kanta, galibi biyar, da ɗan kilif. In ka sauko da kilif tsaga ɗaya, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru a tsakiyar totur. Tunda a nan ɗan acaba yake wuni, wannan tsagar ce ta fi taɓa aljihunka. In taka ba ta da tsaga, siririyar wasa mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kanta tana yin aikin.

Na ƙarshe karanta fulogi. Sa sabo, samu miƙaƙƙen titi, riƙe totur wuri ɗaya na kilomita biyu ko uku, ka kama kuloci ka kashe injin a tare, ka gangara ka tsaya. In ka bar shi ya yi silo kafin ka kashe, ka ɓata shaidar. Bari ya huce ka kwance. Kalar shayi da madara ita ake nema. Baƙin toka mai ya yi yawa. Fari fat kamar alli, maza ka ƙara jet, wannan shi ne yake ƙona bawul ya huda fistin.

Mai kayan gyara, Kazaure:

Oga na Ringim ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Sai dai a kan harbin nan zan ce kafin a zargi ƙaramin jet, a duba inda salansa ta haɗu da kan inji. Akwai zoben gaskit a wurin, in an kwance salansa aka mayar da tsohon, yakan bar kafa. Iska ta shiga ta nan ta haɗu da man da bai ƙone ba, sai ka ji fat-fat. Duba ko akwai baƙin hayaƙi a gefen notunan biyu. Haka robar wuyan kafireta: filtar kofi ba ta da madogara kamar akwati, kafireta tana lilo a kan robar, hanyar burji ta gama tsaga ta. Bar injin a silo ka fesa ruwa kaɗan a wurin, in ƙarar ta sauya, akwai tsaga. Kuma salansar da aka fafake ko an saita komai daidai takan ɗan yi harbi, da can ma yana faruwa, kayan cikin ne suke haɗiye ƙarar.

Amma ni shawarata ta gaskiya, Malam, ka mayar da akwatin filtarka. Filtar kofi ba ta ƙasarmu ba ce. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin tuwo, tana ratsa ragar nan ta shige, ta haɗu da baƙin mai ta zama abin gurza ringi da silinda. Damina kuma ruwa kai tsaye. Injin 100 ba shi da wani ƙarfi a ɓoye da akwati ya danne, abin da za ka samu a gudu kaɗan ne, kuma salansa a buɗe takan rage jan da yake yi daga ƙasa, wanda shi kake buƙata da buhu biyu a cikin yashi. In jan ya ragu, hannunka zai ƙara murɗa totur ba ka sani ba, man ya tafi. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

In filtar asali ta soso ce, wanke da kananzir, matse ba murɗewa ba, ta bushe, a shafa baƙin mai sabo kaɗan a sake matsewa. In ta takarda ce ba a wanke ta ba a sa mata mai, a kaɗe ko a sauya.

Ɗan acaba daga Garki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwatin yana nan a ɗaki. In na mayar da shi na bar salansar a buɗe, wane jet zan sa? Kuma mitata ba ta aiki, ƙiyasi nake yi.

Bakanike, Ringim:

Da akwati a jiki, fara da jet na asali ka karanta fulogi. Sau da yawa ɗan juya sukuru ko tsaga ɗaya a allura ya isa. In ya fito fari, sai ka hau lamba ɗaya.

Malamin koyar da gyaran inji, Wudil:

Kan maganar awo, ƙiyasi ba zai gaya maka ko gyara ya yi ba. Gyara wayar mitar, ko ka kunna taswirar waya ta auna maka tafiyar. Cika tanki a gidan mai har wata alama a wuyansa, babur a tsaye kan jaki, yi aikinka na kwana biyu, koma famfo ɗaya ka cika zuwa alamar. Raba kilomita da litar da ta shiga. Kwalbar 'yan bumburutu ba ma'auni ba ce, kuma in man gauraye ne, fulogin ma ƙarya zai yi maka.

Abu ɗaya da ba a ambata ba shi ne tsayin mai a kwanon kafireta. Sa siririn tiyo mai haske a bakin magudanar ƙasa, lanƙwasa shi sama a jikin kwanon, kwance sukurun. Man ya kamata ya tsaya daf da inda kwanon ya haɗu da jikin kafireta. In ya haura, ko ka ga ɗigo a ƙasa da safe, allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kwanon ya cika, ta ci, kuma ba jet ɗin da zai gyara wannan. Rufe makullin mai da dare.

Lokaci ma yana da tasiri. Iskar asubahin Janairu mai digiri 15 ta fi ta azahar ɗin Afrilu mai digiri 40 nauyi da kusan kashi 9 cikin ɗari. Babur ɗin da aka matse wa mai har iyaka a bazara, in hunturu ya shigo zai koma ƙarancin mai. Don haka bar fulogin ya ɗan karkata ga duhu, ka sake duba sukurun in sanyi ya kama.

Kafin awon, duba iskar taya, wajen 25 gaba, 32 baya in akwai kaya. Sarƙa ta samu mai da wasan yatsa biyu, birkin baya kada ya riƙe, cok ya koma wurinsa gaba ɗaya, a kuma saita bawul da ma'auni injin yana sanyi. Ka yi awo ɗaya kafin ka taɓa jet, ɗaya bayan kowane sauyi, ka kawo mana lambobin tare da hoton fulogin.