Neman shawara: in yi wa Fijon mahaifina sabon fenti, ko in bar ta yadda ya bar ta?

Baban Sadik:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Akwai maganar da ta hana ni sukuni kusan mako uku ke nan, ina neman shawararku a kai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sayi Fijo 504 salun a shekarar 1981 da rancen mota da aka ba shi a wurin aiki, ƙirar nan Kaduna ce, launinta ruwan madara. Shi kaɗai ya tuƙa ta tsawon rayuwarsa, ban da ni da ya koya wa tuƙi a cikinta a filin makarantar unguwarmu. A cikinta aka ɗauko mahaifiyarmu daga asibiti a haihuwar ƙannena uku, a cikinta muke zuwa Funtuwa kowace Sallah, mu yara a baya, buhun gero a but. Har yau akwai loɓawa a ƙofar baya ta hagu, inda ya goga ta a ƙofar gida ranar ɗaurin auren yayata saboda cunkoson jama'a, kuma bai yarda an buga wurin ba, yana cewa shaida ce. Littafin da yake rubuta ranar juyen baƙin mai yana nan a aljihun gaba da rubutun hannunsa.

Shekara shida ke nan tana ajiye a ƙarƙashin rumfa. Kwanan nan na shiga wata 'yar ƙungiya ta masu tsofaffin motoci a nan Kaduna, za su yi baje koli bayan Babbar Sallah, da alƙalai da za su ba da maki. Fentin rufinta da na bonet ya koɗe sosai. Wasu a ƙungiyar sun ce in kankare ta gaba ɗaya in mayar da ita sabuwa fil, wasu sun ce kada in taɓa ta ko da tsinke. Ni kuma burina in riƙa zuwa Funtuwa da ita kamar yadda ya saba. Na riga na ba mai fenti rabin kuɗinsa, kuma na sake rigar kujeru. Me kuke gani?

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka je gobe da safe ka karɓo kuɗinka daga hannun mai fenti, ko da zai riƙe wani abu a ciki. Fentin kamfani sau ɗaya mota take samunsa a rayuwarta, ranar da aka kankare shi kuma babu kuɗin da zai dawo da shi. Abin da kake kira koɗewa, shi ne abin da masu neman irin waɗannan motoci suke biyan kuɗi a kansa. A bikin Pebble Beach da ake yi a Kalifoniya ta Amurka tun 1950, wanda babu kamarsa a wannan harka, akwai aji na musamman na motocin da ba a sabunta ba. A 2024 motar da ta lashe babbar kyautar bikin baki ɗaya, Bugatti ce ƙirar 1934 daga wannan ajin, da tsohon fentinta da tsohuwar fatar kujerunta, kuma shi ne karo na farko da hakan ya faru. Idan masu dukiyar duniya sun dawo suna girmama tabon shekaru, mu da muka gaji abin a cikin gida ba mu da dalilin goge shi.

Kada kuma ka raina abin da ke hannunka. A 1968 aka fito da 504, a 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 ta ci gasar Safari a Kenya, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Fijo ta Kakuri a nan Kaduna ta fara haɗa motoci. Yawancin waɗanda aka haɗa a nan sun ƙare a haya, an sake musu inji sau uku, an yi musu fenti sau biyar. Samun wadda mutum ɗaya ya riƙe, da littafin hidimarta, abu ne mai wuyar gaske. Ka wanke ta, ka sa a goge fentin da man gogewa mai laushi da hannu, ba da inji ba, sannan a shafa mata kakin ƙyalli. Nan ya kamata aikinka ya tsaya.

Tsohon Direba:

Da girmamawa ga Injiniya, amma ni da na yi shekara goma sha tara ina jan 504 doguwa tsakanin Kano da Jos, ba fenti ne ya dame ni ba a wannan labari. Malam Baban Sadik, ka ba mu tarihin ƙofa da na buhun gero, amma ba ka faɗa mana ko injin yana juyawa ba. Motar da ta shekara shida a tsaye ta fi wadda ke kan hanya lalacewa. Fetur ɗin da ya kwana a tanki ya zama danƙo ya toshe kafireta, man birki ya sha ruwa, robobi sun bushe, lagireto ya yi tsatsa, ɓeraye kuwa ba su san darajar mota ba, wayoyi suke ci. Kada ka bari kowa ya murza makulli kafin a cire filogi a ɗiga ɗan mai a ramukan, a juya injin da hannu a ji ko ya saki.

Kuma ka tsaya a kanta da kanka. Ni na kai tawa gareji don gyaran kuloci kawai, na tafi ta'aziyya kwana huɗu, na dawo na tarar an cire mini kafiretar Solex ta asali an sa mini wata ta kasuwa. Na yi wata biyu ina mamakin yadda take shan mai kafin wani yaron gareji ya tsegunta mini. Mai garejin ya rantse bai san zancen ba, kuma makwabcina ne, a sahu ɗaya muke sallar asuba har yau. Shawarata ita ce ka tayar da ita ka riƙa hawa, domin don hanya aka ƙera ta.

Maman Hanan:

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata namu zuwan. Ɗan'uwa, ka ambaci yayarka da ƙannenka uku da mahaifiyarku, amma ba ka ce an raba gado ba. Shin motar ta faɗo a rabonka ne, ko kuwa tana gidan ne kawai kai kake kula da ita? Ina tambaya ne domin mu abin da ya raba kanmu ke nan. Marsandin mahaifinmu yayanmu ya ɗauka yana cewa zai gyara ta don tunawa, ya kashe mata kuɗi ba tare da ya shawarci kowa ba, da aka zo rabo sai ya kawo lissafin gyara ya ce a cire masa tukuna. Mu mata ko zama a cikinta ba mu sake yi ba. A ƙarshe aka sayar da ita ga masu yanka motoci, kuma shekara huɗu ke nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Baban Sadik:

Na gode muku duka. Hajiya, maganar gado ba matsala ba ce a gidanmu, kowa ya san ni ne mai sha'awar motar, kuma ba wanda ya taɓa cewa komai. Baba Direba, injin yana tashi, makanike ya tayar da shi da batirin wata mota a watan jiya, ya ɗan yi hayaƙi ya daina. Yallaɓai Injiniya, na fahimci bayaninka, amma ina ganin ba ka ga rufin ba ne. A hoto ba ya fitowa sosai. Mutane za su zo kallo, ba na so a ce 'ya'yan Malam sun bar motarsa ta zama abin tausayi. Kujerun kuwa dole ce ta sa, domin ta direba ta yage har soso ya fito, kuma fatar da na sa mai kyau ce, ruwan ƙasa, ta fi ta da tsada nesa ba kusa ba.

Injiniya:

Tsada ba ita alƙali yake dubawa ba, ɗana. Abin da yake tambaya shi ne, haka ta fito daga masana'anta? Zai duba lambar inji da ta jikin mota ya ga ko sun dace da takardu, zai ɗaga bonet ya duba kafireta da murfin iska da ƙananan takardun da aka manna, zai leƙa but ya nemi jak da safaya, zai kunna kowace fitila, zai dubi ɗinkin kujera. Fatar da ka sa, ko daga ina ta zo, kama da wane ce, ba ta wane ba, kuma za ta sa a rage maka maki. Ina fatan ba ka zubar da tsofaffin rigunan ba, domin gwanin ɗinki zai iya sa musu ƙyalle ta ciki ya mayar da su.

Game da tuƙi, ban ce a kulle ta ba. A Pebble Beach ɗin ma ana fita da motocin zagaye a kan titi kafin ranar hukunci, kuma idan biyu suka yi kunnen doki a aji ɗaya, wadda ta kammala zagayen ita ake fifitawa. Amma fita da yamma a cikin gari daban, hanyar Zariya zuwa Funtuwa tsakanin tireloli daban. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana kiran mota ta tarihi ne idan ta kai shekara 30, an riƙe ta a kan asalinta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Fitilar baya ɗaya ta asali idan ta fashe, sai ka zagaye Panteka da Ƙofar Ruwa kafin ka sami irinta. Sannan ka duba lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Za ka tarar sun tsufa ko da zanensu bai cinye ba. Kuma wanda ya tayar maka da injin da ya shekara shida a kwance da batirin aro, ba tare da ya juye mai ba, kada ka sake ba shi makullin.

Mai Fenti na Tudun Wada:

Ranka ya daɗe Injiniya, ku masu karatu kullum mu kuke ɗora wa laifi. Shekarata ashirin da biyu a wannan sana'a, kuma abin da na sani shi ne, idan fentin rufi ya koɗe har farar ƙasan ta bayyana, damina biyu ta isa tsatsa ta huda shi. Amurka suna da ɗakunan ajiya masu sanyi, mu rumfar kwano gare mu da ƙurar hunturu. Alhaji Baban Sadik, ka sa a ɗaga kafet a duba ƙasan ƙafar direba, da ƙarƙashin ƙofofi, da gindin gilashin baya, nan 504 take fara ruɓewa. Idan wuraren nan lafiya suke, ana iya fesa rufi da bonet kaɗai a haɗa launin da na ƙofofi, a bar sauran. Matsalarmu da masu motoci ita ce gaggawa. Mutum zai kawo aikin wata biyu ya ce yana so kafin Sallah, idan aka cika masa bodi fila don a cim ma ranar, bayan shekara ya tsage, sai ya bi gari yana ɓata mana suna. Akwai wanda har yau yake riƙe mini cikon kuɗina a kan irin wannan.

Injiniya:

Fesa rabi shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sabon fenti kusa da na shekara arba'in, ko makaho ya shafa zai gane. Ba ta shiga ajin waɗanda aka sabunta ba, ta kuma fita daga ajin waɗanda ba a taɓa ba. A sa mata maganin tsatsa a wuraren da suka buɗe, a samo mata rufaffen ɗaki.

Tsohon Direba:

To idan ɗaki za a kulle ta, sai a kai ta gidan tarihi na Onikan a Legas, kusa da baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Waccan an bar ta da ramukan harsashi ne domin ƙasa ta gani. Ta Malam kuwa ta kai yara Funtuwa ce, kuma jikokinsa ba su taɓa jin ƙarar injinta a kan hanya ba. Tsakanin maki na alƙalin da zai dube ta minti goma da wannan, ni na san wanda zan zaɓa.

Maman Hanan:

Ɗan'uwa, mu ma haka muka ce, ba wanda ya taɓa cewa komai. Shirun magada ba yafewa ba ne. Ka tara su a gaban mahaifiyarku, a yi wa motar kuɗi, ka biya kowa rabonsa ko su bar maka da bakinsu a gaban shaidu, sannan ka yi mata launin da ka ga dama.

Baban Sadik:

Na karanta duka, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, in sha Allahu zan yi wa yayata maganar idan ta zo Sallah, duk da na san abin da za ta ce. Yallaɓai, tsofaffin rigunan kujerun mai ɗinkin ya ce yaransa sun share shago, amma zai duba. Mai fentin kuma na kira shi da rana, ya ce ya riga ya sayi kayan aiki da kuɗin, har ya haɗa launin, don haka maganar karɓowa ta yi wuya, kuma mutum ne da muka daɗe tare, ba na son in nuna masa rashin yarda. Na ce masa dai kada ya taɓa ƙofar baya ta hagu. Ya ce idan aka bar ta za ta fita daban a cikin sauran, ni kuma har yanzu ban ba shi amsa ba. Na tambayi shugaban ƙungiyarmu ko alƙalan za su ware ajin motocin da ba a sabunta ba, ya ce ba su zauna a kan wannan ba tukuna. Ranar Asabar ce ya kamata in kai ta garejin. Kafin nan, akwai wanda ya san inda zan sami robar gilashin gaba ta 504, ko da tsohuwa ce mai kyau?