Muhawara: Wai dogo ya fi gajere aiki?

Auwal: Jama'a barkanmu da warhaka. Ga wata magana da masana tattalin arziki suka daɗe suna yi: a ƙasashe da yawa dogayen mutane sun fi gajeru samun albashi. A Brazil, binciken Thomas da Strauss na 1997 ya nuna ƙarin kashi 1 cikin 100 a tsawon namiji yana tafiya da ƙarin sama da kashi 2 a kuɗin aikinsa. Ni dai a wurina magana ta ƙare, dogo ya fi aiki.

Malam Bala: Auwal, ka faɗi gaskiya, don kai dogo ne ka kawo wannan zance. Mu abin da muka gada shi ne dogo da hankali dace ne.

Auwal: Haba Malam, alƙaluma na kawo, ba karin magana ba.

Anti Rabi: Alƙaluman naka ba ƙarya ba ne, fassararka ce ta karkace. Tsawo kansa ba ya aiki, shaida ne kawai na abin da yaro ya ci da cututtukan da ya sha tun daga ciki zuwa shekara biyu, wato kwana 1,000 na farko. Jikin da bai ƙoshi ba, ko yake fama da gudawa a kai a kai, yana rage girma don ya tsira. A daidai wannan lokacin kuma ƙwaƙwalwa take ginuwa. Yunwar da ta taɓa ƙashi ita ce ta taɓa kai.

Sadiya: Anti, ba gado ba ne tsawo? Ni na san iyaye gajeru su ke haifar gajeru.

Anti Rabi: Tsakanin mutum da mutum, inda kowa ya ƙoshi, gado ne ke da kaso mafi tsoka, kusan kashi 80. Amma dubi al'umma gaba ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 19 samarin Holan da ake aunawa don shiga soja ba su wuce kimanin santimita 165 ba, suna cikin gajerun Turai. Yau mazansu suna kai kusan 183, babu kamarsu a duniya. Matan Koriya ta Kudu kuwa sun ƙara kusan santimita 20 tsakanin waɗanda aka haifa a 1896 da na 1996. Jini ba ya canzawa a zuriya huɗu. Abinci ne, da ruwa mai tsabta, da raguwar cuta.

Auwal: To ai kin taya ni ne. Sun yi tsawo, sun yi arziki.

Malam Bala: A'a, dakata. Wanne ya ja wanne? Kuma ba kullum suke tafiya tare ba. A Amurka, mazan da aka haifa daga wajen 1830 zuwa gaba sun fi iyayensu gajarta, alhali tattalin arzikin ƙasar yana ta bunƙasa. Kuɗi na shigowa, mutane na cunkushewa a birane, cututtuka na yawo. Da tsawo ne ma'aunin aiki, da an ce lokacin ci baya suke yi.

Anti Rabi: Shi ya sa gwajin Guatemala ya fi gamsar da ni, don can ba zato aka yi ba. Daga 1969 zuwa 1977 cibiyar binciken abinci mai gina jiki ta INCAP ta ɗauki ƙauyuka huɗu. A biyu ana raba wa yara da masu ciki wani abin sha mai kauri, atole, mai madara da sinadarin gina jiki. A sauran biyun ana ba da fresco, ruwan zaƙi wanda babu abin gina jiki a cikinsa. Kullum ana auna abin da kowa ya sha, a rubuta. Da yaran suka zama magidanta aka bi sawunsu, sakamakon ya fito a 2008: mazan da suka sha atole kafin su cika shekara biyu suna samun kuɗin aiki a awa da ya fi na sauran da kusan kashi 46. Ƙarin tsawon da suka yi ɗan kaɗan ne, bai isa ya bayyana wannan tazara ba. An kuma ga sun fi fahimtar karatu.

Sadiya: Matan fa?

Anti Rabi: Sun ƙara shekarun makaranta, amma ba a ga bambanci a kuɗin shigarsu ba. Yawancinsu ba aikin albashi suke yi ba, don haka ma'aunin bai kama su ba.

Sadiya: Wannan ma ya nuna albashi daban, aiki daban. Kuma kun manta da son kai. Mai ɗaukar ma'aikata yana ganin dogo ya ce ya yi kama da shugaba, tun bai buɗe baki ba. Wannan ba ƙwazo ba ne, kwarjini ne ake biya.

Malam Bala: Akwai wannan. Sai dai masana Case da Paxson sun duba Ingila da Amurka a 2008, suka ga in aka sa sakamakon jarrabawar basira ta ƙuruciya a lissafi, fifikon dogo yana raguwa sosai. Ke nan ba tsawon ake saya ba, ƙuruciya mai kyau ake saya.

Auwal: A ofis na yarda. Amma a aikin ƙarfi ba zan janye ba. An auna masu yankan rake a Kolombiya, manyan jiki sun fi tara rake a yini.

Anti Rabi: Nan kana da gaskiya, babban jiki ya fi tsoka. Amma ƙanina, matsakaicin dubban mutane ake magana, ba kai da Malam Bala ba. Gajeren da ya gaji gajarta, ya kuma ƙoshi yana yaro, bai rasa komai ba. Wanda ake jimami shi ne wanda ya kamata ya kai santimita 175 ya tsaya a 165. A 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya.

Malam Bala: Yanzu Auwal sai ka kawo mana alƙaluman aikin da kai ka yi a makon nan, mu auna.